Matacin Hayaƙi, Amanar da Ke Ƙarƙashin A-kori-kura

Duk wanda ya san ƙasar da ke shimfiɗe tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun ya san cewa tun daga shekarar 1978, lokacin da aka gama gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka kuma tsara shayar da fili mai faɗin hekta 23,000, arzikin wannan yanki ya rataya ne a kan abu biyu, wato ruwan da ke bin magudanai zuwa gonaki, da motar da ke fito da amfanin gona zuwa kasuwa. Kuma tun da yake babbar mota ba ta iya shiga lungunan fadama, sai nauyin ya faɗa a kan a-kori-kura, wadda ita ce ke kai taki da iri da injin ban-ruwa, ita ce ke fito da shinkafa da albasa da tumatir, kuma ita ce ke ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti idan lalura ta taso. A da Fijo ce ke wannan hidima, daga baya Hilux da 'yan uwanta suka gaje ta.

To, a cikin 'yan shekarun nan, a tsakanin motocin da ake sayowa na hannu daga Turai ta hanyar Kwatano da Legas, akwai masu shan man gas, irin su Ranger da Navara da L200 da Hilux ɗin kanta, waɗanda ke zuwa da wata na'ura a jikin salansa da yawancin direbobinmu ba su taɓa jin labarinta ba, har sai ranar da wata fitila ta kama a allon gaban direba, mota ta ƙi ja, aka rasa sababi. Wannan na'ura ita ce matacin hayaƙi, wanda maƙera motoci ke rubuta sunansa da haruffa uku, DPF. Ya kamata a sani tun da fari cewa ba kowace a-kori-kura ke da shi ba, domin galibi mai shan fetur ba ta da irinsa, haka nan tsofaffin masu shan gas da mafi yawan waɗanda aka ƙera musamman don kasuwar Afirka. Amma wanda Allah Ya ƙaddara motarsa tana da shi, sanin hukunce-hukuncensa ya zama wajibi a kansa, domin jahiltarsu na jawo hasarar dukiya, yanke shi kuwa na jawo cutar da bayin Allah.

Dalilin ƙirƙiro shi

Injin gas, duk da ƙarfinsa da tattalin mansa, yana da wata illa wadda ba ta rabuwa da shi, ita ce ba ya ƙone mai ƙurmus, sai ya bar wata baƙar kunkunniya mai laushi da ke fita tare da hayaƙi. Abin da ido ke gani na baƙin hayaƙi shi ne mafi sauƙin sharri, domin mafi yawan ƙwayoyin wannan kunkunniya sun fi silin gashi siranta sau ɗaruruwa, ta yadda hanci ba ya tare su, tari ba ya fitar da su, sai su zarce can ƙarshen huhu, wasu ma su ratsa cikin jini, su zama sababin asma da ciwon zuciya da shanyewar jiki. A watan Yuni na 2012, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta yanke hukunci cewa hayaƙin injin gas yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji na huhu. Mutanen Zamfara kuwa ba sa bukatar doguwar hujja a kan cewa ƙurar da ake rainawa tana iya kisa, tun da ba a manta da musibar gubar dalma ta 2010 a ƙasashen Anka da Bukkuyum ba, wadda ta ɗauke rayukan yara kimanin 400.

Saboda wannan illa ta kunkunniya ne kamfanin Peugeot, wato Fijo, ya fara sa matacin a motarsa ƙirar 607 a shekarar 2000, sa'an nan dokar Turai mai suna Euro 5, wadda ta soma aiki a 2009, ta ƙuntata adadin kunkunniyar da aka yarda mota ta fitar zuwa miligiram 5 a kowace kilomita, adadin da babu injin gas da zai iya cika shi face da mataci. Shi matacin, gwangwani ne na ƙarfe da ke kusa da inji, a cikinsa akwai wani dunƙule na gasasshen yumɓu na musamman mai dubban ramuka dogaye sirara, an toshe wannan ta gaba, an toshe na kusa da shi ta baya, ta yadda hayaƙin da ya shiga ba shi da mafita sai ya ratsa ta bangon da ke tsakaninsu. Iska takan wuce, kunkunniya kuwa ta maƙale, kuma lafiyayyen mataci yakan kama fiye da kashi 90 cikin 100 nata.

Amma duk abin da ke tarawa ba ya zubarwa, lalle wata rana zai cika, kuma a nan ne hikimar maƙeran ta bayyana, domin sun tsara shi ya riƙa wanke kansa da wuta. Idan mota tana doguwar tafiya da kaya, zafin salansa kaɗai yakan isa ya riƙa cin kunkunniyar sannu a hankali. Idan kuwa hakan bai samu ba, akwai ma'auni da ke gwada matsin hayaƙi kafin mataci da bayansa, kuma da zarar kwamfutar mota ta ga ya fara cikewa, sai ta fesa ƙarin gas wanda zai ƙone a cikin salansa, zafi ya hau zuwa wajen digiri 600, kunkunniya ta ƙone ta fice a matsayin iska. Wannan ƙona yakan auku bayan kowace tafiyar 'yan ɗaruruwan kilomita, kuma yakan ci minti 10 zuwa 30 kafin ya kammala.

Sharuɗɗa uku

Alal haƙiƙa an gina wannan na'ura ne bisa sharuɗɗa uku waɗanda a ƙasar da aka ƙera ta suke samuwa ba tare da wahala ba, alhali a wurinmu sai mai mota ya tashi tsaye ya neme su da gangan. Na farkonsu shi ne doguwar tafiya wadda ba ta yankewa. Idan aka dubi yadda a-kori-kura ke yini a wannan yanki, daga gida zuwa gona, daga gona zuwa injin casa, daga can zuwa kasuwar ranar Talata inda za ta yi ta rarrafe cikin cunkoson amalanke da babura, sa'an nan a bar inji yana aiki mota na tsaye ana lodi, za a ga cewa tana iya yin mako guda salansarta ba ta yi zafin kirki ba. Ko tafiya daga Mafara zuwa Bakura ko zuwa Maradun gajeruwa ce, sau da yawa kwamfuta na fara ƙona ke nan sai a iso a kashe mota. Daɗin daɗawa, halin rashin tsaro da Allah Ya jarrabce mu da shi ya sa mutane sun taƙaita tafiye-tafiye, shingayen bincike kuma sun yawaita. Magani shi ne mai mota ya tsara hidimominsa yadda duk mako ko mako biyu motar za ta hau babban titi, ko ta fuskar Gusau ta Maru da Bunguɗu, ko ta fuskar Sakkwato ta Tureta, da rana kuma lokacin da hanya ke da aminci, ta yi tafiya mai ɗorewa ta kamar rabin sa'a.

Sharaɗi na biyu shi ne tsabtar mai, kuma shi ne mafi wuya, domin ba a hannun direba kaɗai yake ba. A cikin ɗanyen mai akwai farar wuta, wadda idan matata ba ta cire ta ba takan dakushe sinadarin filatinam da aka shafa a cikin salansa don ya taimaka wa ƙona, ta kuma ƙara yawan dattin da mataci ke kamawa. A Turai, tun 2009, ba a yarda farar wuta ta wuce kashi 10 cikin miliyan a man gas ba, alhali Nijeriya ta daɗe tana yarda da kashi 3,000. A watan Satumba na 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta bayyana cewa wasu 'yan kasuwar Turai suna haɗa mai mara kyau musamman don Afirka, har ta samu gas a Mali wanda farar wutarsa ta ninka haddin Turai sau 378. Bayan haka, a watan Fabrairu na 2020, ministocin ƙasashen ECOWAS suka zauna a Wagadugu suka amince da haddin kashi 50 cikin miliyan, kuma matatar Dangote ta fara fitar da man gas a 2024. Waɗannan matakai ne na alheri, sai dai abin da aka rubuta a takarda daban, abin da ke shiga tankin mota a ƙauye daban, musamman idan daga jarkar 'yan bumburutu ya fito, inda ake iya samun gaurayen kananzir ko ruwa ko tsatsar duro. Ihtiyaɗi a nan shi ne mutum ya lizimci gidan mai guda wanda ya amince da shi kuma ake yawan ciniki a cikinsa, ya riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a filtar gas, ya kuma canza ta a kan kari.

Sharaɗi na uku shi ne baƙin mai, kuma a nan ne ake yawan kuskure saboda ba a rarrabe tsakanin kunkunniya da toka. Duk matar da ke girki ta san cewa itace yakan cinye a murhu, amma toka ba ta ci, sai dai a kwashe ta. To, haka al'amarin yake a cikin mataci. Kowane inji yakan ƙone ɗan baƙin mai, kuma sinadaran ƙarfe da ke cikin man su ne ke zama tokar da babu zafin da ke kawar da ita. Don haka aka yi baƙin mai na musamman mai ƙarancin toka, wanda ake gane shi da alamar ACEA tare da harafin C, kamar C2 ko C3, ko alamar API CJ-4 ko CK-4, gwargwadon abin da littafin motar ya ambata. Wanda ya zuba man awo na cikin duro, ko mai kaurin da aka saba zuba wa tsofaffin manyan motoci, don ya rage kuɗi, ya sani cewa abin da ya tsimi a yau zai biya shi ninki-ba-ninki gobe. Ko da da mai na ƙwarai, toka takan taru bayan tafiya mai nisa, galibi kilomita 150,000 ko fiye, sa'an nan sai an kwance matacin an wanke shi da na'urar da aka yi don haka.

Bayan waɗannan akwai wasu al'adu namu na gareji da ke hana ƙona aukuwa ba tare da an lura ba. Mafi shahararsu ita ce cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya yi zafi, bisa zaton cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi, alhali kwamfuta ba ta fara ƙona sai ruwan inji ya kai zafin da aka ƙayyade masa. Haka nan motoci da yawa ba sa fara ƙona matuƙar fitilar ƙarancin mai tana kunne, ko akwai wata matsalar inji da ba a gyara ba. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin gona kuwa, idan ta toshe filtar iska, inji yakan rasa numfashi ya ninka kunkunniyar da yake fitarwa, kamar yadda nozul da ya lalace ko turbo mai yoyon mai ke yi. Sau da yawa mataci ba shi ne mai ciwo ba, shi dai mai ba da shaida ne a kan ciwon da ke can cikin inji.

Yadda ake lura da shi

Direba mai basira yakan gane lokacin da motarsa ke ƙona ko da babu fitilar da ta faɗa masa, domin zai ji ƙarar inji ta ɗan ɗaga alhali ƙafarsa ba ta kan totur, fanka ta tashi da ƙarfi, wani ƙauri mai zafi ya fito daga ƙarƙashi, shan mai kuma ya ƙaru na ɗan lokaci. Idan ya ga haka, abin da ya fi shi ne ya ci gaba da tafiya har ta gama, domin kashe mota a tsakiyar ƙona, in ya yawaita, yakan sa gas ɗin da aka fesa ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Shi ya sa ya wajaba a zaro sandar gwada mai kowane mako, kuma wanda ya ga man yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko ya ji warin gas a jikinsa, kada ya ɗauka albarka ce, ya gaggauta juye shi kafin inji ya buga.

Fitilar matacin kuma tana da darajoji. Idan ta kama ta tsaya, gargaɗi ne, kuma galibi tafiyar minti 20 zuwa 30 a gudun da ya kai kilomita 60 a sa'a takan kashe ta. Wasu motocin ma suna da maɓalli da ake dannawa a yi ƙonar a tsaye. Idan ta koma ƙiftawa, ko ta haɗu da fitilar inji, mota kuma ta rage ƙarfi, to, al'amari ya wuce hannun direba, sai a kai ta wurin makaniken da ke da kwamfutar bincike, wanda zai karanta lambobin matsala, irin su P2463 mai nuna taruwar kunkunniya, ya duba ma'aunin matsi da 'yan bututunsa, waɗanda kan tsage ko su toshe su ba da labarin ƙarya, kana ya tilasta ƙona idan adadin bai wuce kima ba. In ya wuce, tilastawa haɗari ce, domin wutar tana iya narkar da yumɓun. Goge lambar matsala kawai a sallami mai mota yaudara ce wadda bai dace da mai tsoron Allah ba.

Akwai kuma haɗarin gobara, wanda ya shafi manoma fiye da kowa. Zafin da ya kai digiri 600 ba ya bukatar ashana idan ya sami busasshiyar ciyawa, kuma a ƙarshen 2017 kamfanin Ford ya nemi a mayar masa da dubun-dubatar motocin Ranger a Ostareliya don gyara, saboda ciyawa na taruwa kusa da mataci tana iya kamawa. A lokacin kaka, da masussuka ke cike da ƙaiƙayi da karan dawa da harawa, kada a tsayar da irin wannan mota a kansu, kuma a riƙa leƙa ƙarƙashinta ana cire abin da ya maƙale.

Adalci ya sa a faɗa cewa ba kowace toshewa ce laifin direba ba. A watan Afrilu na 2022 kotun tarayya ta Ostareliya ta yanke hukunci cewa matacin motocin Hilux da Prado da Fortuner fiye da 260,000, waɗanda aka sayar a can tsakanin 2015 da 2020, yana da aibi tun daga masana'anta. Saboda haka mai sayen mota ta hannu ya yi bincike kafin ya biya, ya sa a karanta masa kwamfutarta, ya kuma shafa yatsa a cikin bakin salansa bayan ta huce, domin lafiyayyen mataci yakan bar wurin kusan fes, baƙi ƙirin kuwa alama ce ta cewa ya tsage ko an riga an fasa shi.

Mas'alar yankewa

Sananne ne cewa fatawar da aka fi bayarwa a gareji ita ce a yanke gwangwanin, a farfashe abin da ke ciki, mai walda ya like, a sauya wa kwamfuta karatu, kamar yadda aka saba yi wa abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi. Ba za a ƙi jin uzurin masu yin haka ba, domin sabon mataci yana da tsada ƙwarai, masu wanke shi ba su da yawa, kuma mutumin da tumatir ɗinsa ke ruɓewa a bakin gona ba ya da sararin dogon nazari. Amma kunkunniyar da aka buɗe wa ƙofa ba ɓacewa take yi ba, tana komawa ne cikin ƙirjin yaron mota da ke tsaye a baya yana lodi, da mai tallan fura da ke bakin tasha, da ɗan makarantar allo da ke bin gefen titi, waɗanda ba a shawarce su ba kuma ba su ci ribar kome ba. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa ba ya halatta mutum ya kawar da cuta daga kansa ta hanyar ɗora ta a kan wani, kuma maslahar jama'a tana gaba da ta mutum ɗaya. A Ingila, tun 2014, motar da aka cire wa mataci ba ta cin jarrabawar lafiyar mota ta shekara. Mu kuwa, ko hukuma ba ta tambaya ba, akwai ranar da za a tambaya. Wanda ya san aikinsa duka gajerun tafiye-tafiye ne, kuma ba shi da hanyar samun mai na ƙwarai, abin da ya fi masa shi ne tun farko ya sayi mai shan fetur, maimakon ya sayi mai mataci ya nakasa ta.

Sauran nauyin kuwa yana wuyan hukumomi da malamai. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa kula da ingancin mai, ya kamata awonta ya riƙa isowa gidajen man ƙananan hukumomi, ba ya tsaya a manyan birane ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da Kwalejin Aikin Gona da ke Bakura, suna da damar shirya gajerun darussa cikin harshen Hausa ga makanikai da masu rewaya da direbobi, tare da ƙungiyoyinsu, domin makanikenmu ba basira ya rasa ba, abin da ya rasa shi ne wanda zai buɗe masa wannan babi da kayan aikin da zai yi shi. Kowane mai mota kuma ya ajiye ɗan littafi a cikinta, ya riƙa rubuta ranar juye da irin man da aka zuba, da inda aka sha gas, da ranar da fitila ta kama, ya kuma ba direbansa izini da kuɗin man da zai yi doguwar tafiyar nan ba tare da an tuhume shi da yawo ba. Wanda ya kiyaye waɗannan ya tsare dukiyarsa daga almubazzaranci, ya kuma tsare lafiyar maƙwabcinsa, kuma dukansu biyu amana ne da za a yi masa hisabi a kansu. Allah Ya ba mu ikon sauke su.